Ranar da Baba Ya Ce Goro Ne

Ina aji huɗu Inna ta aike ni in kai wa Baba fura a bayan garin Kazaure, inda yake fasa dutse. Na same shi ƙura ta mayar da girarsa fara fat. Wurin yana ƙaurin nan na dutsen da guduma ta daka, kamar an ƙyasta ashana ta mutu.

Ya miƙo mini wani ɓarin dutse. "Duba ƙyallinsa, uwata. Tun da Allah ya halicce shi, ke ce kika fara ganin cikinsa."

Ina juya shi a rana, sai tari ya sarƙe Baba. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tofar. Na ga ja a ƙasa kafin ya janyo yashi da ƙafa ya rufe.

"Baba, jini ne?"

"Goro ne," ya ce. "Kada ki tayar wa Innarki da hankali."

Na san Baba ba ya cin goro.

Sai da na shiga kwalejin kiwon lafiya sannan malami ya zana mana huhu a allo, ya bayyana yadda ƙurar dutse take shiga cikinsa ta bar tabon da ba ya warkewa. A lokacin ciyawa ta daɗe da rufe kabarin Baba. Har Inna ta rasu tana cewa ciwon nasa farat ɗaya ya zo, ni kuwa ban taɓa iya gyara mata zancen ba.