Fatar Albasa a Tsohon Gilashi

"Malama, a kai akwatin kimiyyar nan shara," in ji jami'in duba makarantu. "Sabuwar manhaja ta ce kowane ɗalibi ya gani da idonsa. Tarkacen nan ai ya girme ki."

"Ba inda za shi, yallaɓai."

Ta kwance gilashin wani karyayyen madubin ƙara girma da ke cikin akwatin, ta ɗaure shi da roba a kyamarar wayarta, ta shimfiɗa siririyar fatar albasar da ta sayo a kasuwar Ƙofar Wambai. Ɗalibai hamsin suka yi layi.

Shi ma jami'in ya sunkuya ya duba. Ga ƙananan ɗakuna reras kamar jerin bulo.

Ya daɗe bai ɗago ba.

"Shekara ashirin ina zana wannan a allo," ya ce a hankali. "Yau na fara ganinsa."