Giɓin Ƙarshe a Katanga

Tana turo baro na bakwai sai ga ɗan yayanta, dogarin majalisar tsibiri, ya tare hanya da littafi a hannu.

"Gwaggo, kin fa san doka. An hana ɗibar dutse a bakin teku. Ɗibar nan ce ke sa ruwa cin ƙasa."

"Na sani, ɗan nan. Matsa."

Saura awa biyu teku ya tumbatsa. A watan jiya har ɗaki ya shigo, gishirinsa ya kashe mata gwaza, ta wuni tsaye da jika a kafaɗa. Itatuwan da gwamnati ta dasa don tare ruwa ko gwiwa ba su kai ba, an ce a jira su shekara goma. Katangar dutse mai tsare gidanta daga ruwa kuwa saura giɓi ɗaya.

"Don Allah kada ki sa in rubuta sunanki. Jiya fasto ma ban ƙyale shi ba."

"Ni da na goye ka, yau ni kake ɗaga wa biro?"

Ya riƙe baron, ta fizge, baron ya kife. Wani dutse ya faɗi rigingine, fari fes, gogagge, ba irin na bakin teku ba. A jikinsa an sassaƙa sunan mijinta da shekarar rasuwarsa. Dutsen kabarinsa ne.

"Shi ya fara katangar nan," in ji ta. "Bar shi ya ƙarasa."

Dogarin ya cusa littafin a aljihu, ya sunkuya.

"Ina zan juya sunan, Gwaggo?"

"Wajen teku. Bai taɓa tsoronsa ba."