Tafiyar Saja

Hambali ya jefa goron a ƙasa da gangan. Ba sadaka ya yi niyya ba, so yake ya ga yadda wani gurgun ɗan dako zai sunkuya ya ɗauka.

Aikin da Malam Innocent ya ba shi ke nan. Malam Innocent akawun jirgin ƙasa ne, da yamma kuma yana koyar da wasan kwaikwayo a wani ɗakin makaranta a Sabon Gari. Mutum ne mai rowar yabo. Wata ƙungiyar 'yan wasa ta Kaduna ta aiko masa tana neman saurayi ɗaya tal, Hambali kuwa ya ƙwallafa rai a kai. Tun daga yaye yake hannun Yakaka, kakarsa ta wajen uwa, shi maraya ne mai awon yadi a shagon wani a Fagge. Ban da wannan ƙofa bai hango wata ba.

"Kai itace ne," in ji Malam Innocent a gaban kowa. "Bakinka na wasa, jikinka na barci. Je ka tasha ka samo mutum mai rai, ka sato mini tafiyarsa."

A tasha ya samo Saja, wani ɗan dako, tsohon soja da yaƙi ya maido gida da shanyayyiyar ƙafa da kai ba daidai ba. Furfura ta riga shekarunsa zuwa. Bakinsa kuwa ba linzami. Yara su yi masa ihu, ya bi su da ashar har bakin titi. Fasinja ya raina masa ladan dako, ya wanke shi tas. In jirgi ya yi kuka, sai ya ƙame ya sara masa da kaya a ka.

Abu ɗaya ne ya fi ba Hambali dariya. Duk masifar nan ta Saja, da zarar Hambali ya tsaya kusa da shi sai bakin ya mutu. Ya sunkuyar da kai, ya juya fuska bango, ya shiga murza gammonsa. Hambali ya yi masa magana, shiru. Ya shure gammon cikin kwata, Saja ya je ya tsamo, bai ko ɗago ido ba. Hambali ya saya wa yara alewa don su tsokani Saja, shi kuma yana gefe yana haddace yadda kafaɗar ke rawa. Tausayi bai taɓa gilma masa ba, abin wasa ya samu.

A ɗakin gwaji, Malam Innocent ya sa masa tsakuwa a takalmi, ya ɗaure masa gwiwa da tsumma, ya ja layi da alli ya ce ya bi. "Sake!" Ya sake. Kafin a kai ko'ina an kwance tsumman, an zubar da tsakuwar, ɗingishin ya zauna da kansa. Karkata wuya irin na Saja ma bai ba shi wahala ba.

"Kai ka ce da abin aka haife ka," in ji Malam Innocent. Yabonsa na farko ke nan, Hambali ya yini yana jin daɗinsa.

Ranar wasa, bayan la'asar, ɗaki ya cika maƙil: ma'aikatan jirgi, 'yan tireda, matan Sabon Gari da manyan ɗaurin kai, ga baƙon Kaduna a kujerar gaba. Malam Innocent ya yi wata dabara da bai gaya wa kowa ba. Ya aika aka kira Saja, wai akwai kayan da zai ɗauka, aka zaunar da shi a bencin farko.

Hambali ya fito yana jan ƙafa, gammo a ka. Ya yi ashar ɗin, ya yi sarawar, ɗaki ya ɗauka. Sannan ya zo kan abin da ya ɓoye don ƙarshe: ya yi tsit, ya sunkuyar da kai, ya juya fuska bango yana murza gammo. Wani ya nuna benci da yatsa. Ga Saja nan zaune, kai a ƙasa, fuska a bango, yana yin daidai abin da ake yi a dandamali. Mutane suka yi ta faɗuwa kan juna don dariya, har da masu share hawaye. Saja ya miƙe ya ratsa tsakiyarsu, ana kwaikwayon ɗingishinsa har ƙofa, bai zagi kowa ba.

Baƙon Kaduna ya kama hannun Hambali ya ce ya shirya kayansa.

Da gudu ya isa gida. Ya tarar da Yakaka a tsakar gida tana kaɗi. Don murna bai tsaya dogon bayani ba, sai ya maimaita mata wasan tun daga farko. Tun a taku na biyu mazari ya tsaya a hannunta. Har ya gama ba ta yi dariya ba.

"A tasha ka gan shi?" ta tambaya.

"Kullum yana can, Kaka. Saja ake ce masa."

"Ya taɓa kiran sunanka?"

"Wa? Ai ko kallona ba ya iyawa. Yana zagin kowa, amma ni tsorona yake ji."

Yakaka ta ajiye mazarin a hankali, idonta ya ciko.

"Ba tsoro ba ne, Hambali, kunya ce. Ni na ce maka ya mutu, don kada a riƙa yi maka dariya. Ina ka taɓa ganin uba ya ɗaga ido ya kalli ɗansa na fari?"