Gurmin Dikko da Baitocin Hindatu

Dikko ya shigo zauren Malam Attahiru a Tambuwal da sabon kaset a aljihu. Waƙoƙin ciki duk Hindatu ce ta rubuta, 'yar Malam, malamar firamare. Shi kuwa ya ɗora su a kan gurmi, ya rera a Sakkwato.

Ta fito idanunta jajur, ko zama ba ta yi ba.

"Baba ya ji ka rediyo, ya gane baitocina," in ji ta. "Yac ce ba shi ba makaɗi ɗiyatai."

Dikko ya ce, "To, in aje gurmin, in koma gona Sanyinna. Ke nika so, Hindatu."

Ya zaci za ta yi murna, sai ya ga ta ja da baya.

"In ka aje, wa ka rera su? Tun ina yarinya nika rubutu ina ɓoyewa. A bakinka na fara jin muryata."

"To, mi kika so in yi?"

Ta dube shi, hawaye na zubo mata.

"Ka ci gaba da waƙa, Dikko. Amma kada ka sake zowa zaurenga."