Magini da Makarantar Bene

Zauna tukuna, Tanimu, ka daina wannan rawar ƙafar. Ka ce an yi maka sauyin wurin aiki, ka samo gidan da hayarsa ba ta fi ƙarfinka ba, kuma wai akwai makaranta mai kyau a kusa. Wa ya ce maka mai kyau ce? Idonka? To, bari in ba ka misali, in ka gama ji ka yi yadda ka ga dama.

An yi wani magini, gwani ne na gaske, in yana jera bulo ko igiya ba ya ja. Aiki ya kai shi birni, ya ƙudura zai kwaso iyalinsa daga ƙauye. Babban burinsa shi ne 'yarsa ta fari ta yi karatu, don shi bai yi ba, kuma abin yana ci masa rai. Unguwa biyu ya samu waɗanda zai iya biyan hayarsu, ya tafi duba makarantunsu ranar Lahadi, saboda ita kaɗai ce ranar da ba ya kan gini. Ta farko ginin ƙasa ce da aka yi wa yaɓen siminti, kwanon rufin ya yi tsatsa, katanga ta tsage tun daga sama. Ya zura yatsa cikin tsagar, ya yi tsaki, ya wuce. Ta biyu kuwa bene ne. Ya ƙwanƙwasa bango, ya kankare shi da makulli bai ga yashi ya zubo ba, ya leƙa ta taga ya ga bencina a jere, ya ce wanda ya yi wannan aikin bai san ha'inci ba. Da ya koma gida matarsa ta roƙe shi ya sake zuwa ranar Litinin ya ga ko malamai suna shiga aji, ko ya tambayi matan da ke suyar awara a bakin ƙofa, tunda su ne kullum a wurin. Ya ce shi da ya shekara ashirin yana gini, mai awara ce za ta gaya masa makaranta? Ƙaninsa mai gyaran keke, wanda suka taso tare, shi ya kama ɗaki a unguwa ta farko, bayan ya yi hantsi guda a gindin tagar aji yana saurare. Magini ya yi ta yi masa dariya, wai ya kai 'ya'yansa kango.

Shekara huɗu yarinyar nan tana zuwa makarantar bene. Kullum ubanta zai karɓi littafinta ya buɗe, ya ga rubutu ya miƙe sambal, layi bisa layi kamar jerin bulo, ya rufe yana murmushi. Iyakar abin da ya iya dubawa ke nan. Ana nan, wata Babbar Sallah suka je ƙauye su duka. Tsohonsu, wanda ido ya fara gagara, ya ciro takardar da aka ba shi a asibiti, ya ce a duba masa ranar da aka ce ya koma. Zaure cike da 'yan gaishe-gaishe. Magini ya gyara zama, ya ce a kira masa 'yarsa, 'yar makarantar bene. Ta zo ta durƙusa, ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta kira harafin farko, ta kira na biyu, ta kasa haɗa su. Ta sake komawa farko. Hawaye ya ɗiga a kan takardar. Sai 'yar ƙaninsa, wadda 'yarsa ta girme da shekara guda, ta matso a hankali ta karanta: ranar Alhamis ce, kuma kada ya karya kumallo kafin ya zo. Wallahi da an yi dariya da ya fi masa sauƙi. Kowa ya sunkuyar da kai, tsohon ne kawai ya ce Allah ya yi musu albarka su biyun.

Ya fita bayan gida a fusace, ya kira ta zai yi mata faɗa. Ta gaya masa malaminsu yakan zo ya cika allo da rubutu ya tafi harkarsa, su kuma su kwafa, haka ake yi tun daga aji ɗaya. Ya ce me ya hana ta faɗa? Ta ce, "Baba, ai kullum kana cewa ya yi kyau." Nan ya zauna a kan turmi. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi, har suka bar garin bai iya haɗa ido da matarsa ba. Bayan Sallah ya tafi rumfar ƙaninsa da kansa, ya tsuguna a gefen tayoyin keke, ya roƙe shi ya nema masa ɗaki a unguwarsu. An samu. Amma yarinyar, tana shekara goma sha ɗaya, sai aji biyu aka mayar da ita, ta zauna a bencin ƙarshe cikin ƙananan yara, duk ta fi su tsawo. Shi ya raka ta ranar farko, ya ga yadda ta rufe fuska da hijabi tana shiga, ya juyo yana share ido da hularsa.

To, Tanimu, kai ma daga waje ka tsaya. Ka koma ranar aiki, ka shiga aji, ka miƙa wa ɗaya daga cikin ɗaliban littafi ka ji da kunnenka, sannan ka zo mu yi maganar kwashe kaya. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.