Kilomita Goma Sha Tara a Lita Ɗaya

Ranar Asabar ta farko, Malam ya durƙusa gaban tayar bayan motarsa da ma'aunin iska a hannu, gilashi a kan hanci, kamar likita gaban majiyyaci.

Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da kimiyya a sakandare, kuma tun da ya yi ritaya babu abin da ya rage yana bin umarninsa sai wannan tsohuwar mota. Ita ma babbar 'yarsa ta sa mata ido.

"Baba, motar nan ta fi duk mutanen gidan nan ci. A sayar da ita, in riƙa turo maka direbana."

Maganar ta soke shi. Shi da ya yi ta kai yarinyar nan makaranta a kujerar baya, yau shi za a ajiye a baya kamar buhu? Ya nemi wata guda. In bai rage wa motar shan mai ba, da hannunsa zai miƙa makulli.

Tsarinsa tsaf yake. Ya cika tanki ranar Asabar, ya yi zirga-zirgar mako, ya sake cikawa, ya rubuta lita nawa ta sha a kilomita nawa. Abu ɗaya yake canzawa kowane mako, kamar yadda ya koya wa ɗalibai. Da can motar kilomita bakwai take yi a lita.

Makon iskar taya ya tashi da tara. Malam ya sa ran bakwai da rabi ne, amma bai ga dalilin yi wa nasara gardama ba.

Mako na biyu bakanike ya canza matatar iska da fulogi. Sha biyu! Mutumin da ya yi watanni zaune a falo ba ya ko amsa wa rediyo, sai ga shi yana waƙa a banɗaki, wankan safensa na rabin awa ya koma kusan awa. Matarsa ta ji waƙar, ta yi murmushi. A makon ne ya lura mazurarin kicin ya ɓata, janaretan gida kuma ya ɗauki sabon hali na shanye mansa tun kafin lokaci. Malam ya yi masa alkawarin shi ma gwajinsa na nan tafe.

Mako na uku ya kwashe duk abin da ke but, har tabarma da tsoffin takardun jarrabawa, ya kuma haramta esi. Kowa ya yi gumi, motar ta yi sha biyar.

Na huɗu ya koma taka totur kamar mai taka ƙwai, yana sakin ƙafa tun daga nesa in ya hangi cunkoso. Masu babur suka zage shi, ya yafe musu saboda jahilcinsu. Sha tara.

Daga nan kai ya kumbura. Ya tare maƙwabta a ƙofar gida yana ba su darasi kyauta. Telan layinsu ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar ya samu ƙarin kilomita guda, Malam ya ce ƙafarsa ce ta saba da taka keken ɗinki. Bakanike ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, ko sabuwa fil ba ta yin haka."

"Kai gyara ka iya," in ji Malam, "ni kuwa lissafi."

Ranar hukunci ya so a yi ta a gaban shaidu. Tun da sassafe, ko wanka bai yi ba, ya sa bakanike ya tsiyaye tankin tas, aka zuba lita goma cif a gaban 'yarsa. Da shi da ita da matarsa za su gidan ƙaninsa, kilomita ɗari da saba'in, ba tare da sun tsaya gidan mai ba. Matarsa ta fito da wata ƙatuwar jaka ta ce sai an sa a but. Ya ɗaga, ya ji nauyi, ya yi mita a kan tsarabar mata, ta kafe. Bai taɓa ganin ta kafe a kan kaya haka ba.

A gidan mai na farko ta ce, "Malam, ko a ɗan ƙara?" A na biyu ma ta ce. A na uku ya ɗaga mata hannu kamar yadda yake yi wa ɗalibi mai surutu. Allurar mai tana ta sunkuyawa, ya ce ai allurar ma ta tsufa.

A kilomita tamanin da takwas motar ta yi tari, ta sake yi, ta gangara gefen titi ta mutu. Babu gida, babu inuwa. Malam ya buɗe littafinsa, ya bi lissafin da yatsa har sau uku. Babu kuskure ko ɗaya. Bai taɓa jin kunya irin wannan ba. Ya zare makullin, ya juya zai miƙa wa 'yarsa, sai ya ji an buɗe but.

Ya fito. Matarsa ta zuge jakar, ta ciro jarkar janareta da mazurarin kicin. Ta murɗe marfin tanki ba tare da ta ko duba ba, ta ɗora jarkar a gwiwa, ta zuba, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

Malam ya saki baki. "A ina kika koyi wannan?"

"Wata guda nake yi kullum kana wanka kana waƙa, Malam. Yau ne kawai ka ƙi shiga wankan."