Gwangwanin da ke ƙarƙashin gadon Balkisu

Hafizu tela ya dire daga kabu-kabu a Tibiri, ya dangwara gwangwani a gaban Kaka mai magani.

"Kaka, ki karya mini asirin nan. Ƙarƙashin gadon matata Balkisu na tsinto shi. In dai mallaka ce, yau gidansu za ta kwana."

Shi kam ya gama yarda an mallake shi. Kwanan nan shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke yi mata fifita. Jiya ma abokansa na Sabon Gari suka kama shi yana wanke tukunya, suka rantse a tuwo ake barbaɗa masa.

Tsohuwar ta buɗe, ta shinshina, ta ɗan lasa.

"Garin doyar daji ne. Ni na daka, ni na ba ta. Mata ke sha in al'ada ta fara ɗaukewa, saboda zafin jiki da gumin da ke hana su barci. A kununta take zubawa. Kai ko ɗanɗanonsa ba ka sani ba."

Hafizu ya leƙa cikin gwangwanin. "To, in ba ta ba ni komai ba, mi ya sa nake wanke mata tukunya?"

Kaka ta rufe gwangwanin, ta miƙa masa.

"Son matarka kake, ɗana. Wannan kam ba ni da maganinsa. Maida mata kafin ta nema."

Hafizu ya dubi rana, ya zabura. "Wayyo, na bar mata wake a wuta!"